Kurket na Ranar Asabar a Ƙauyukan Ingila: Su Wa Ke Ɗauke da Nauyinsa?

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa farkon Satumba, kowace ranar Asabar, dubban ƙananan ƙungiyoyin kurket a Ingila da Wales kan fito fili su kara da juna. Mafi yawan 'yan wasan ba a biyan su ko sisi, su ne ma ke biya. A cikinsu akwai malamin makaranta, da mai gyaran famfo, da direban tasi, da likita, da manomi, har da yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka cike gurbi da shi saboda wani ya fasa zuwa. Kowa kan ajiye kuɗin wasan ranar, kimanin fam goma, ban da kuɗin zama ɗan ƙungiya da ake biya shekara-shekara. Akan fara wajen ƙarfe ɗaya na rana a tashi bakwai ko takwas na yamma, domin a lokacin zafi rana ba ta faɗuwa da wuri a ƙasar. 'Yan kallo ba su cika wuce iyalan 'yan wasa da wasu dattawan gari ba.

Tsarin wasan bai bambanta da na ƙwararru ba. Kowane ɓangare na da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar fili akwai wani ziri mai tsawon yadi 22, wato mita 20 da ɗoriya, an kafa turaka uku a kowane ƙarshensa, an ɗora 'yan guntayen itace biyu a kansu. Mai jifa kan sheƙo da gudu ya wurga ƙwallon fata mai tauri, mai nauyin giram 160 ko kusa da haka, yana neman ya kaɗe turakan. Mai duka kuma yana tsaye a gabansu da sanda mai faɗi, yana kare su, yana kuma neman ya maka ƙwallon inda babu mai tare ta, don shi da abokinsa su yi musayar wuri a guje. Kowace musaya maki ɗaya ce. Ƙwallon da ta gangara har ta ƙetare iyakar fili maki huɗu ce, wadda ta tsallake ta sama kuwa shida. Mai duka kan fita idan an kaɗe turakansa, ko an cafe ƙwallon da ya doka kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare ta da ƙafa alhali turakan ta nufa, ko an riga shi isa wurinsa yana cikin gudu. Jifa shida shi ne zubi ɗaya. A gasannin Asabar, kowane ɓangare kan sami zubi 40 zuwa 50 a turminsa na duka, sannan a juya. Wanda ya fi maki shi ke da nasara, matuƙar ruwan sama bai raba gardama ba.

Alaƙar kurket da ranakun hutu tsohuwa ce, kuma da rigima ta soma. A shekarar 1611 an ci tarar wasu mutum biyu a ƙauyen Sidlesham da ke Sussex saboda sun tafi kurket ran Lahadi maimakon zuwa coci. An rubuta dokokin wasan a 1744, ƙungiyar ƙauyen Hambledon da ke Hampshire ta yi tashe a shekarun 1770, sannan ƙungiyar Marylebone da aka kafa a Landan a 1787 ta karɓi riƙon dokokin, kuma har yau suna hannunta. Sai dai Asabar ba ta zama ranar wasan talaka ba sai da ma'aikata suka sami hutun rabin yini. Dokar masana'antu ta 1850 ta tsayar da aikin mata da matasa a masaƙu da ƙarfe biyu na ranar Asabar, sannu a hankali al'adar ta game sauran ma'aikata. Daga nan gasanni suka ɓullo a garuruwan masana'antu: ta Birmingham a 1888, ta Lancashire a 1892, ta Bradford a 1903. A arewacin Ingila wasa ne na neman kofi, ana karɓar kuɗin ƙofa, kowace ƙungiya kan ɗauko ƙwararre guda ta biya shi. Haka garin Nelson ya ɗauko Learie Constantine daga Trinidad a 1929, ya riƙa cika musu fili da 'yan kallo. A kudu kuwa an daɗe ana ganin neman kofi bai dace da dattako ba, wasan sada zumunci aka fi yi, sai wajen ƙarshen shekarun 1960 gasanni suka samu gindin zama. Turawan mulkin mallaka sun kai wasan ƙasashe da dama, har ɗaliban Kwalejin Katsina sun buga shi, amma tsarin ƙungiyar gari mai filinta da ɗakinta bai kafu a ko'ina kamar yadda ya kafu a gida ba.

Wanda ya tsaya a bakin fili ran Asabar mutum ashirin da biyu zai gani cikin fararen kaya. Wasan kuwa ya daɗe da farawa kafin su iso, a hannun mutanen da ba za su taɓa ƙwallo ba. Kurket na ƙauye aikin gayya ne, kuma kamar kowace gayya, ranar da masu fitowa suka gaji, gonar ce ke kwana ba a nome ba. Duk wani bayani kan halin da wasan ke ciki da bai fara daga waɗannan mutane ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Na farkonsu mai kula da fili. A ƙwallon ƙafa, fili mai ɗan gargada ba ya hana wasa. A kurket, ƙwallon kan bugi ƙasa kafin ta iso ga mai duka, saboda haka yanayin wannan ziri na yadi 22 shi ke yanke yadda wasan zai kasance, har da lafiyar mai duka, domin ƙwallo mai tauri da ta faɗa rami ta yi tsalle ba zato na iya fasa fuska. Gyaran ziri ɗaya kan ɗauki kwana goma zuwa mako biyu. Za a rage ciyawar kaɗan-kaɗan har ta kusa ƙarewa, a tsefe matacciyar da ke ƙasa, a ba shi ruwa ya ratsa, a jira ya sha iska, sannan a yi ta bi da na'urar daddaɓe ƙasa mai nauyi, gaba da baya, a hankali kamar ba a so. Idan an daddaɓe da danshi da yawa, ƙasar ta toshe ta kashe saiwa. Idan ta bushe ƙarau, aikin banza aka yi. Daren Juma'a mutumin kan leƙa sama, in ya ga hadari ya ja murfi ya rufe. Da safe ya ja farin layi, ya huda ramukan turaka. Da kaka ta ƙare a Satumba sai a kankare wurin, a zuba iri da yumɓu na musamman, domin zirin baɗi a lokacin ake yin sa. A ƙananan ƙungiyoyi mai wannan aiki sau da yawa dattijo ne da ya yi ritaya, ladarsa godiya ce kawai, kuma ilimin da ke kansa ba a rubuce yake ba. Ƙungiyoyi da yawa ba su da amsar tambayar wa zai gaje shi.

Sai alƙalai da masu rubuta maki. A manyan gasanni akan turo alƙalai biyu masu horo, a ba su ɗan kuɗin mota. A ƙananan rukunoni ba sa isa, don haka 'yan ɓangaren da ke duka ne ke karɓa-karɓa: mutum ya cire abin kare ƙafarsa, ya saka farar riga, ya je ya tsaya yana hukunci a kan abokin wasansa, wataƙila ma wanda ya rage masa hanya da safe. Idan ƙwallo ta bugi ƙafar mai duka, 'yan hamayya goma sha ɗaya suka ɗaga murya suna neman hukunci, shi kaɗai zai ɗaga yatsa ko ya girgiza kai. Babu na'urar maimaita hoto, babu ɗaukaka ƙara. Akwai kuma tsohuwar al'adar da mai duka, idan ya san ƙwallon ta shafi gefen sandarsa kafin a cafe ta, zai juya ya fita da kansa ba tare da jiran alƙali ba, ko da kuwa babu wanda ya ji ƙarar. Wasanni kaɗan ne suka jingina ga amana haka, kuma wannan shi ne abu mafi daraja da wasan Asabar ke koya wa yaron da aka cike gurbi da shi. Amanar tana fuskantar matsi. Zagin alƙalai da cacar baki sun yi yawan da a dokokin 2017 aka ba alƙali ikon korar ɗan wasa daga fili, abin da a da ba a ga bukatarsa ba. Duk alƙalin da ya ajiye farar riga saboda cin mutunci, gurbinsa kan daɗe babu kowa.

Tsakanin turmi biyu akan tsaya shan shayi na kimanin rabin sa'a. Ƙungiyar gida ce ke ciyar da baƙi: burodi mai haɗi, da kek, da babbar butar shayi, a kan dogon tebur a ɗakin ƙungiya. Shekara da shekaru matan 'yan wasa da iyayensu mata ne suka ɗauki wannan nauyi, ba tare da sunansu ya shiga littafin maki ba. Da annobar korona ta zo a 2020, wasan bai dawo ba sai watan Yuli, kuma aka ce kowa ya zo da abincinsa. Wasu ƙungiyoyi suka ji daɗin sauƙin. A ƙarshen shekarar, gasar Sussex ta kaɗa ƙuri'ar ɗage wajabcin shayin, hayaniya ta tashi har jaridun ƙasa suka ɗauka, aka sake ƙuri'a aka maido da shi. A wasu gasannin kuwa ya zama ganin dama. Masu son a soke suna da hujja: kuɗi ne, wahala ce, kuma ba adalci ba ne a ci gaba da ɗora wa mata ita. Amma maganin wannan shi ne maza su shiga kicin, kamar yadda ƙungiyoyi da dama suka koma yi, ɗan wasa biyu kowane mako. Teburin nan shi ne wuri guda da ɓangarorin biyu ke zama su ci abinci tare a tsakiyar hamayya. Inda kowa ya koma motarsa ya ci shi kaɗai, turmi na biyu kan fi zafin baki, kuma baƙo ya tafi bai san sunan ko mutum ɗaya ba.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Wasan zubi 45 ko 50, in aka haɗa da tafiya zuwa wani gari da dawowa, yakan cinye sa'a tara ko goma. Magidancin shekarun 1970 na iya ɓacewa daga gida yini guda kowane mako, babu mai tambaya. Na yau matarsa ma aiki take yi, renon yara na kansu su biyu, shaguna da ma'aikatu da yawa kuma ba sa rufewa ran Asabar. Binciken hukumar kurket ta Ingila da Wales ya nuna masu buga wasan sun ragu daga 908,000 a 2013 zuwa 844,000 a 2014. Kyaftin na tawaga ta biyu ko ta uku a cikin ƙungiya ya san ma'anar wannan tun kafin a buga alƙaluman: daga Laraba zuwa daren Juma'a yana kan waya yana roƙon mutane, yana da takwas, yana da tara, wani ya janye. In bai cika ba, sai a sallama wasan, maki ya tafi ga abokan hamayya, su kuma sun rasa Asabar ɗinsu, zirin da aka yi mako biyu ana gyara ya tashi a banza. Wasan sada zumunci na Lahadi, wanda a nan ne tsofaffi da yara da masu koyo ke samun wuri, shi ya fi shan wahala.

Talabijin ma ya taka rawa. Karawar Ingila da Ostireliya ta 2005 miliyoyin mutane sun kalle ta kyauta a tashar Channel 4. Daga 2006 wasannin Ingila na gida suka koma tashar Sky, sai mai biyan kuɗi. Hukumar ta sami kuɗi masu kauri, amma yara masu yawa sun tashi ba su taɓa ganin kurket a allon gidansu ba, har sai wasan ƙarshe na kofin duniya na 14 ga Yuli 2019, da aka nuna kyauta, Ingila ta kuma ɗauki kofin a filin Lord's. Shirin Chance to Shine da aka fara a 2005 don maido da wasan makarantun gwamnati, da shirin All Stars na ƙananan yara da aka ƙaddamar a 2017, sun kawo yara da yawa filayen ƙungiyoyi, kuma kurket na mata da 'yan mata na bunƙasa ƙwarai. Sai dai kowane yaro da ya zo yana bukatar mai horarwa, mai horarwar kuma ɗaya ne daga cikin mutanen nan biyar ko shida da suka riga suka ɗauki fili, da asusu, da shayi.

Akwai wani ɓangare da wasan bai rasa masu sha'awa ba ko kaɗan. Hukumar da kanta ta bayyana a 2018 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu buga kurket don nishaɗi a ƙasar 'yan asalin kudancin Asiya ne, wato Pakistan, da Indiya, da Bangaladash, da Siri Lanka, alhali a cikin ƙwararru ba su wuce kashi huɗu cikin ɗari ba. A Bradford, da Birmingham, da Leicester, da gabashin Landan, suna da gasanninsu, da yawa ran Lahadi, a filayen shaƙatawa na ƙaramar hukuma, inda zirin ba ya samun gyara, wani wurin ma babu ɗakin canza kaya. Ga ƙungiyoyi masu fili babu 'yan wasa, ga 'yan wasa babu fili, kuma tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci ba ta wuce tafiyar minti ashirin a mota ba. Ƙungiyoyin da suka buɗe ƙofa sun tsira. Inda aka sami cikas, sau da yawa a kan mashaya ne. Asusun ƙananan ƙungiyoyi da yawa ya dogara da giyar da ake sha bayan wasa, ɗan wasa Musulmi kuwa zai yi sallama ya tafi, sai wasu su ce bai damu da ƙungiya ba. Ƙorafin bai tsaya da ƙafafunsa ba. Ƙungiyar da ta tanadi abincin halal a teburin shayi, ta ware wurin salla, ta yi la'akari da masu azumi idan Ramadan ya faɗo cikin kaka, ta kuma saka sababbin zuwa a kwamitinta, takan tarar suna ɗaukar aikin fili da horar da yara kamar kowa. Moeen Ali daga Birmingham da Adil Rashid daga Bradford suna cikin tawagar da ta ci kofin duniya a 2019. Bayan shaidar da ɗan wasa Azeem Rafiq ya bayar gaban kwamitin majalisar dokoki a Nuwamba 2021 kan wariyar da ya fuskanta a ƙungiyar Yorkshire, rahoton wani kwamiti mai zaman kansa a Yuni 2023 ya tabbatar da cewa wariyar launin fata, da ta jinsi, da ta matsayi sun yi katutu a wasan. Rahoton ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mazan da suka buga wa Ingila a 2021 makarantun kuɗi suka yi, alhali kashi bakwai ne kawai na jama'a ke zuwa irinsu. Ga yaron da makarantarsa ba ta da fili, ƙungiyar gari ce kaɗai ƙofar shiga.

Filin kansa ma ba shi da tabbas. Yana cin wuri mai faɗi, magina gidaje na kwaɗayinsa, wasu ƙungiyoyin haya suke yi, wasu kuma ambaliya ke cinye musu makonni. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta saurari ƙarar wasu ma'aurata da suka sayi sabon gida a gefen filin ƙungiyar Lintz da ke Durham, inda aka shafe kimanin shekara saba'in ana wasa, ƙwallaye suka riƙa faɗa musu lambu. Kotun, da mai shari'a Lord Denning a kan gaba, ta ba su diyya amma ta ƙi hana wasan. Har yau irin wannan taƙaddama na tasowa, kuma kuɗin kafa doguwar raga na iya durƙusar da ƙaramar ƙungiya.

Duk da haka wasan na nan da ransa. Gasar kofin ƙauyuka da mujallar The Cricketer ta fara a 1972 har yanzu tana kai ƙungiyoyi biyu filin Lord's kowace shekara don wasan ƙarshe. Troon ta Cornwall ce ta fara ɗauka, kuma a 1985 Freuchie, wani ƙauye a Scotland, ta zo ta tafi da kofin. Cikin taurarin Ingila, James Anderson a ƙungiyar Burnley ya koyi jifa, Ben Stokes a Cockermouth ya taso, Joe Root a Sheffield Collegiate. Amma kuskure ne a auna amfanin ƙungiyar gari da yawan taurarin da ta haifa. Ɗaya cikin dubbai ne ke kai wa can. Sauran suna samun abin da ya fi ƙaranci a ƙauyukan da shagonsu da gidan wayarsu suka rufe: wurin da ɗan shekara sha biyar da ɗan shekara sittin ke cikin ƙungiya ɗaya, kowa na bukatar ɗan'uwansa.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Manyan rukunoni su ci gaba da dogon wasansu, domin masu buga shi sun zaɓe shi. Ƙananan rukunoni kuwa ya kamata a rage musu zubi zuwa 35 ko 40, a fara da wuri, a kuma haɗa ƙungiyoyi maƙwabta don kada mutum ya yi tafiyar sa'a guda zuwa wasan rukuni na tara. Wasan zubi 20 da yammacin ranakun aiki ya dace da wanda ba shi da Asabar, amma ƙari ne, domin a gajeren wasa mutum huɗu ko biyar ne ke yin komai, yaron da ke na tara a jerin masu duka ba zai taɓa riƙe sanda ba. Sai batun kuɗi. A 2025 hukumar ta sayar da hannun jari a ƙungiyoyi takwas na gasar The Hundred, cinikin ya haura fam miliyan 500, aka kuma ce kashi goma cikin ɗari zai tafi ga wasan ƙananan ƙungiyoyi. Inda kuɗin nan zai fi amfani shi ne na'urar daddaɓe ƙasa, da murfin ziri, da magudanar ruwa, da horar da matasan da za su gaji masu kula da fili da alƙalai, da gyara filayen ƙananan hukumomi a biranen da 'yan wasa suka fi yawa. Idan ya ƙare a tallace-tallace da sababbin ofisoshi, ƙungiyoyi za su ci gaba da rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma filin da aka gina gidaje a kansa ba ya komawa filin kurket.